Takalmi Ƙafa Ɗaya

Wanda bai san ƙanena ba sai bayan ya yi kuɗi zai rantse cewa da ma can zuciyarsa baƙa ce. Ni da na goye shi yana jariri na san ba haka ba ne, kuma wannan sanin shi ne yake hana ni sakewa har yau. Da mugu ne tun asali, da labarin ya zo mini da sauƙi. Amma mutumin kirki ne wanda ya gaji da zama ƙarami, ya je ya sayo girma a inda ba a faɗin farashi sai an gama ciniki.

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, tsakanin mai aski da mai sayar da gilashin ido, ɗan ɗaki mai warin dalma da ƙonanniyar waya. A gaba teburin gyara, a baya wasu tsofaffin kwamfutoci da matasa ke haya su buga wasa. A lokacin wani wasan intanet ya mamaye gari. Duniya ce guda a cikin allo, da birane da dazuzzuka da kasuwa, kowa da jaruminsa, kowane jarumi da laƙabin da mai shi ya zaɓa. Masu kamfanin wasan sun raba jama'a gida-gida: kowane yanki da sabarsa, wato rumbun da 'yan yankin ke haɗuwa a ciki, kuma zinaren da aka tara a wata saba ba ya tsallakawa zuwa wata. Da wannan zinaren ake sayen makamai da sulke. Wanda ba shi da lokacin tarawa sai ya saya da kuɗin gaske a wurin wanda ya tara, kuma a nan 'yan damfara suka baza komarsu.

Ƙanena ya sha ganin matasa suna kuka a shagonsa, an kwashe musu akawun an bar su da allo. Saboda haka ya tsara wasu ƙa'idoji da yake koya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa. Ina nan ranar da ya koya wa 'yarsa tilo, wadda muke kira Lauya saboda ba a taɓa faɗa mata magana ta wuce ba tare da ta yi mata tambayoyi ba. Ta biyo daga makaranta, jakarta a kafaɗa, ta ja kujera.

"Ki fara duba sabar," in ji shi. "In ba ta yankinmu ba ce, kin yi asara. Sannan lambar sirrinki taki ce ke kaɗai. Ko ni na tambaye ki, ki hana ni."

"Ko kai, Baba?"

"Ko ni."

Ta juyo gare ni. "Baffa, ka zama shaida. Ranar da ya ce in ba shi, kai zan kira."

"Ni shaidata sai da lemo mai sanyi," na ce.

"Ka ji cin hanci tun ba a shiga kotu ba!"

Uban ya buga tebur yana dariya. "Ku saurara mana. Mai sayarwa na gaskiya hannu da hannu yake bayarwa, a kan gadar musaya ta cikin kasuwa. Idan ya buɗe akwatin musaya ya zuba zinare a ɓangarensa, ke ma ki saka wani tarkace a naki, tsinke ko fasasshen kofi, don masu lura da wasan su ga kamar canji aka yi."

"Ni takalmi ƙafa ɗaya zan ba shi," ta ce, "ya je ya nemi ɗayan."

"Ki ba shi abin da kika ga dama. Amma da zarar kin karɓi zinarenki, ki toshe shi. Duk wanda ya dawo yana cewa an yi kuskure, a sake buɗe akwati, ɓarawo ne. Kada ki saurare shi ko da kuka yake yi."

Ta ɗaga hannu kamar mai rantsuwa, muka yi dariya. Babu ƙa'ida ko ɗaya a cikin waɗannan da ba gaskiya ba ce. Na nanata wannan domin abin da zai zo.

Abin da ya karya shi ƙaramin abu ne. Wani abokin karatunsa ya faka doguwar mota a ƙofar shagon, ya miƙo kwamfutarsa ta taga ba tare da ya fito ba, ya ce, "Kai, har yanzu kana nan ƙarƙashin matakala?" Ƙanena ya yi murmushi ya karɓi aikin. Amma maganar ta zauna masa. Tun daga ranar, duk takun da ya ji a kan matakalar sai ya ji kamar a kansa ake takawa. Mai sayen matattun kwamfutoci, wanda ke zuwa da amalanke, shi ya lura da shi, shi kuma ya kwatanta masa hanyar wurin wani boka.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan komai ya lalace, muna zaune a bencin asibiti.

Da tsakar rana ya je. Bayan filin da ake jibge tarkacen ƙarafa akwai wani tsohon sito da rufinsa ya rufta, sai ɗaki ɗaya a sama. Ya ce tun daga matakala ya daina jin hayaniyar titi, kamar an zuba masa ruwa a kunne. Ɗakin ba taga. An jera matattun allunan kwamfuta daga ƙasa har rufi, duk suna fuskantar tsakiya, an shafe kowanne da wani abu da ya bushe ya yi duhu. Wayoyin lantarki sun sauko daga sama an kitsa su da gashin mutum, an ɗaura ƙananan ƙasusuwa a bakinsu. A tsakiya akwai faffaɗan kwano cike da baƙin ruwa wanda ba ya motsi, kuma ba ya nuna fuskar mai leƙawa. A bayan kwanon ne bokan yake zaune, tsoho mai tsafta, da farar riga, yana yanke farce.

"Ka zo neman zinaren da ba a haƙa," bokan ya ce, bai ko ɗago ba.

"Na zo. Amma ka sani, ni ba na zub da jini. Ba na ba da kowa nawa."

"Wa ya tambaye ka jini? Jini wahala ne, ga ƙarni." Ya hure farcensa. "Ka ce masu saye suna saka maka tarkace a akwati?"

Ƙanena bai faɗa masa haka ba. Duk da haka ya amsa.

"Suna sakawa. Abin banza ne, zubarwa ake yi."

"To kada ka zubar. Ka bar shi a jakar jaruminka. Zinare ba zai ƙare maka ba, amma da hannunka za ka riƙa danna yarda, ba ɗan aike. Lokaci zuwa lokaci zan zaɓi ɗaya a cikin tarkacen. Za ka ga ya yi baƙi, daga baya ya ɓace. Shi ne rabona."

"Tsinke da fasasshen kofi? Me za ka yi da su?"

"Abin da mutum ya miƙa da hannunsa, da yardarsa, ba banza ba ne a wurina."

Ƙanena ba wawa ba ne. Ya fahimci akwai rai a cikin maganar, kuma a nan ne ya kamata ya tashi. Maimakon haka sai ya shiga ciniki.

"To a ba ni zinaren a wata saba mai nisa, ta mutanen da ban sani ba."

Bokan ya ɗago a karo na farko. "Kai da bakinka kake koya wa mutane cewa zinare ba ya tsallaka saba. Inda kake a nan za ka ci, a nan kuma za a biya."

"In haka ne ina da sharaɗi. Idan na ga abu ya yi baƙi kuma ban yarda ba, ina da ikon mayar wa mai shi."

"Kafin ya ɓace, in mai shi ya buɗe akwati ya karɓa daga hannunka, na haƙura." Tsohon ya yi murmushi. "Sharaɗi mai kyau. Ka iya ciniki, mai gyara."

Ya sa shi ya tsoma yatsan da yake danna kwamfuta da shi a cikin kwanon. Ruwan ya fi ƙanƙara sanyi. A take duk matattun allunan nan suka kawo haske lokaci guda, ba tare da wuta ba, kowanne yana nuna gadar musaya babu kowa a kanta. Sannan suka mutu. Ya sauko yana jin ya yi wayo, domin ya tanadar wa kansa ƙofar fita.

Ya buɗe sabon jarumi ya sa masa suna Amana. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Cikin ɗan lokaci sunan ya zagaye sabar yankinmu. Amana ba ya tambayar lambar sirri. Amana ba ya tambayar ko kai wane ne. Amana yana bayarwa hannu da hannu, cif-cif, kuma bai taɓa dawowa ya ce an yi kuskure ba. Masu wasa suka riƙa gargaɗin junansu cewa duk mai son ya sayi zinare hankali kwance, ya je wurin Amana. A gida ya ce ya samu kwangilar shigo da kayan kwamfuta. Ya bar ƙarƙashin matakala. Ya sayi gida mai bene, ya keɓe ɗaki a sama mai na'urar sanyi da ƙofa mai mukulli. Matarsa ta yi ƙiba ta yi haske. Lauya ta shiga jami'a, kuma lauya take karanta, kamar yadda muka daɗe muna tsokanarta. Abokin karatun nan nasa ya zo gaisuwa, aka bar shi yana jira a falo.

Tarkace kuwa yana yin baƙi yana ɓacewa. Kofi yau, tsinke wani watan. Bai san masu su ba. Laƙabi ne kawai a allo, kuma gari da faɗi.

A gidan akwai ƙanin matarsa da muke kira Dogo, mai aiki a kantin magani, mutum mai barkwanci wanda ba ya shiga ɗaki a rasa dariya. Shi ma yana buga wasan. Wata safiya aka same shi zaune a gaban kwamfutarsa, idonsa a buɗe, ba ya amsa kira. Yana numfashi, in an sa masa ruwa a baki ya haɗiye, amma babu kowa a cikin idon. Likitoci suka yi gwajin da za su yi ba su ga komai ba. Ya rame kamar ana zuƙe shi da tsinke, har ya cika.

Ranar da muka dawo daga binne shi, ƙanena ya hau sama ya buɗe wasan. A kan gadar musaya ya ga jarumin Dogo a tsaye. Kwamfutar Dogo tana kashe a ƙasa, an ma cire mata waya. Amma jarumin yana nan, ba ya motsi, ya juyo yana fuskantar Amana. A bayansa akwai wasu, jere a bakin gadar, duk sun juyo. Ya daɗe yana ganinsu ya ɗauka masu jiran ciniki ne.

A wannan rana ya san komai. Ina so mai karatu ya tsaya a nan kamar yadda nake tsayawa kullum. Ƙofa a buɗe take. Da ya kashe kwamfutar ya sauko, da ya koma talaka mai 'ya.

Abin da ya yi shi ne ya tara gidan ya ce daga yau ya haramta wannan wasa, duk wanda ya kama da shi zai gamu da fushinsa. Lauya ta ce, "Baba, a wane sashe na doka?" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Sannan ya koma sama, ya yanko baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya manna a kan allon, daidai inda sunan mai saye yake fitowa. Tun da ba zai iya dainawa ba, ya zaɓi kada ya gani.

Lauya tana kwana a makaranta a lokacin. Ƙawayenta suna da ƙungiya a wasan, ana shirin wata gasa, ita kaɗai ce ba ta da sulken kirki. Daga baya ƙawarta ta faɗa mini yadda aka yi. Ta ce Lauya ta ƙi duk masu sayarwar da aka kawo mata, tana bin su da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Babana ya koya mini. Ni ba a cuta ta." Mutum ɗaya ne ya cika duk ƙa'idojin mahaifinta.

Da hantsi aka kira daga makaranta. Kafin mu isa an kai ta asibiti. Tana kwance, idonta a buɗe, uwar tana girgiza ta tana kiran sunanta. Ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi idon sau ɗaya, ya juya da gudu. Na bi shi, domin na ga fuskarsa. Har ɗakin sama na bi shi, ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ya buɗe jakar Amana. A cikin tulin kofuna da tsinkaye akwai abu ɗaya da ya yi baƙi ƙirin. Takalmi ne, ƙafa ɗaya.

Ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin. Sunan yana nan a jerin waɗanda ya yi ciniki da su, ba a ɓoye ba, ba a sakaya ba: Lauyar Baba.

"Akwai hanya, Yaya," ya ce. "Akwai hanya, na yi sharaɗi, na yi sharaɗi." Ban san me yake nufi ba a lokacin. Ya nemo jarumarta a kan gadar, tana tsaye kusa da Dogo. Ya danna neman musaya. Rubutu ya fito a allon cewa wannan ɗan wasa ya toshe ka.

Ya sake dannawa. Ya sake. Ta karɓi zinarenta ta toshe shi, kamar yadda aka koya mata.

Ya ɗauko kwamfutarta daga makaranta don ya shiga akawun ɗinta ya cire toshewar. Tana neman lambar sirri. Ya gwada ranar haihuwarta, da sunan uwarta, da nasa. Ya juya ga wayarta, ita ma ta sa mata makulli biyu. Shi da ya shekara yana buɗe na'urorin mutane ya rasa yadda zai yi da ta 'yarsa, domin shi ya nuna mata yadda ake rufewa. Ya rubuta wa masu kamfanin wasan, suka amsa da ladabi cewa ba sa magana da kowa sai mai akawun. Ya gwada miƙa takalmin ga wani jarumi don a kai mata, takalmin ya ƙi barin jakar. Ya koma sito wurin boka ya durƙusa, ya ce a karɓe gidan, a karɓe shi kansa. Tsohon ya ce, "Ni ban rufe ƙofa ba. Sharaɗinka yana nan. Ta buɗe ta karɓa."

Sai ya dawo asibiti ya durƙusa a gefen gadonta, a gaban uwarta, a gabana.

"Lauya. Lauyata. Ki faɗa mini lambar. Babanki ne. An yi kuskure, 'yata, kuskure aka yi, ki buɗe in mayar miki."

Ban sani ba ko tana ji. Na fi so in yarda ba ta ji. Domin in tana ji, to abin da ta ji shi ne ainihin kalmomin da aka ce mata ɓarawo ne kaɗai yake faɗa. Ya juyo gare ni da hawaye ya ce, "Yaya, kai ka ce mata ta ba ni." Na buɗe baki, sai na tuna ni ne shaidarta. Na roƙe ta duk da haka. Ba ta ko ƙifta ba.

A bencin ƙofar ɗakin ya ba ni labarin da na rubuta a sama. Matarsa tana tsaye a bayanmu da kofin ruwa, ba mu gan ta ba. Ta ji har zancen Dogo. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin a hankali ta koma ciki.

Da safe, rana ta fito sosai, takalmin ya ɓace daga jakar. Kafin ya sauko daga bene wayata ta yi ƙara. Daga asibiti ne, Lauya ta cika.

Uwar ba ta sake dawowa cikin hankalinta ba. Tana zuba abinci ta kai gaban duk allon da ta gani, ko na talabijin ne, ta zauna tana cewa, "Sauko ki ci, ya huce. Ki kira kawunki ma." 'Yan'uwanta sun zo sun tafi da ita. Zinaren ya tsaya a ranar da ya daina ciniki, dukiyar kuma ta bi ta hanyar da ta zo, gida da mota da komai, kamar an buɗe magudana. Mai benen ya tausaya masa ya mayar masa da ɗakin ƙarƙashin matakala. Ba ya gyara. Kwamfuta ɗaya ce a ciki. Nakan kai masa abinci in same shi a zaune, gemu ya cika masa fuska, yana danna neman musaya, rubutun yana fitowa, yana sake dannawa. Masu wasa sun ƙaurace wa gadar, sun ce lalacewa ta yi. Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara ba. Jaruman suna nan tsaye daga wannan bakin zuwa wancan, kuma jarumar Lauya ce a gaba.

Biyu muka yi wa kuka a cikinsu. Sauran fa? Kowane laƙabi a kan gadar nan akwai ɗakin da aka same shi a zaune, akwai uwar da ta girgiza shi, kuma har yau ba su san dalili ba. Wannan tunanin ne yake ajiye mini cokali in ina cin abinci.

Kai da kake jin takun mutane a saman kanka har zuciyarka tana raya maka wata hanya, ka saurare ni. Duk arzikin da aka ce wani ne zai biya, ƙarya aka yi maka game da nisan wannan wanin. A unguwarku yake, a teburinku yake cin abinci. Kada ka yarda da sharaɗin da ka ƙulla da mai wannan ɗaki, domin ya riga ya san da me za a toshe ƙofar, kuma da hannunka za a toshe ta. In kuwa har ka kai ga neman abin da za ka rufe sunayen mutane da shi don hannunka ya iya ci gaba da aiki, to ka tashi ka bar wurin a yadda kake, ko da babu takalmi a ƙafarka. Sunan da ke ƙarƙashin salatif ɗin na gidanku ne.